Bado ko kainuwa? Abin da za a shuka a ɗan tabkin tsakar gida

Filin Tambayi Mai Lambu

Assalamu alaikum. Na yi niyyar maganar dashen mangwaro a wannan watan, sai ga wasiƙu huɗu sun haɗu a kan ruwa kamar an yi shawara. Mangwaro ya yi haƙuri sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Tambaya: Baba Mai Lambu, barka da aiki. Ɗana da ke aiki a Yamai ya sa magina sun yi mini ɗan basan na siminti a tsakar gida, tsawo mita 2, faɗi mita 1 da rabi, zurfi santimita 60. Ya ce in riƙa zama ina kallon ruwa da furanni kamar yadda yake gani a otal. Yau wata biyu ke nan, ruwan ya yi kore kamar miyar kuka, sauro ya hana mu zaman waje bayan magariba, maigida kuma ya fara cewa a cike ramin da ƙasa kowa ya huta. Yaron ya turo mini hotunan furanni kala-kala ta WhatsApp, ya ce in zaɓa ya sayo. Wanne zan zaɓa? Daga wata Hajiya, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya yi wa yaro albarka. A roƙar mini Alhaji ya ajiye shebur tukuna, ya ba mu wata uku.

Hotunan nan kuwa, ki bar su a waya. Yawancin furannin ruwa da ke yawo a intanet na ƙasashen sanyi ne, inda mutane ke murna in rana ta fito. Mu nan a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ruwan basan na siminti yakan yi ɗumi kamar an sirka na wanka. Furen da aka saba masa da sanyin Faransa ba zai kai sati uku a tsakar gidanki ba, kuɗin yaro ne kawai zai tafi.

Ni tsohon malamin gona ne, ba na iya magana sai da lissafi. Fuskar ruwanki mita 3 ce, kuma basan ɗin na cin lita 1800, wato tano 9 mai lita 200. A tsakiyar bazara rana da iska na iya shanye kusan santimita 1 a yini, wanda a wurinki ya kai lita 30. Ya fi bido ɗaya mai lita 25, kowace rana ta Allah. Ki riƙe wannan a rai, domin shi zai nuna miki irin shukar da kike bukata: wadda za ta shimfiɗa ganye ta yi wa ruwa inuwa.

Koren da kike gani gansakuka ce, ƙanana ƙwarai, suna yawo cikin ruwan. Ruwa ba ya tsami banza. Abu biyu ke rayar da ita, hasken rana da abinci, kuma kin ba ta duka biyun: rana tun safe har yamma, ga ƙura, ga ganyen bedi da ke faɗawa yana ruɓewa, ga kashin tsuntsaye. Na tabbata kin sa an kwashe ruwan an zuba sabo, bayan kwana goma ya koma yadda yake. Haka zai yi ta yi. Maganinta shi ne wata shuka ta tare mata rana, ta kuma riga ta cinye abincin.

Shukar nan bado ce, badon da muka taso muna gani a tabkuna bayan damina, wanda yara ke shiga su ciro ƙwallonsa su ci. Kada ki raina shi don na gida ne. Wanda ya je tabkin Madarunfa da sassafe ya ga farin furensa a buɗe a kan ruwa ba zai ƙara sha'awar hoton waya ba. Iri biyu na fi sani a yankinmu. Akwai mai farin fure da babban ganye, bakin ganyen da haƙora kamar zarto. Shi da dare yake buɗewa, ya kai hantsi, sannan ya rufe. Akwai kuma mai fure shuɗi-shuɗi, ganyensa ya fi ƙanƙanta, shi kuma da rana yake buɗewa. A wani irin shuɗin, in kin duba daidai inda ganye ya haɗu da kara, za ki ga ɗan ƙullutu. In ganyen ya tsufa, sabon bado ne ke fitowa daga nan, dashe kyauta. Ga basan mai mita 3, shuɗin ya fi dacewa don ba ya cin wuri sosai. Amma in zaman naku na bayan isha'i ne, da shayi da rediyo, to farin ne zai yi muku fure a lokacin da kuke waje. Ni nawa fari ne, saboda da rana ba na gida. Kowane fure yakan yi kwana uku zuwa huɗu, ya nutse, wani ya taso.

Guda ɗaya za ki shuka. Na san za ki ga kamar ya yi kaɗan a ranar farko, ɗan ganye uku a tsakiyar ruwa. Ki ba shi wata biyu. Abin da ake so shi ne ganye ya rufe rabin ruwan ko ya ɗan fi, saura a buɗe don iska ta shiga. In ya wuce haka sai a riƙa yanke tsofaffin ganye daga ƙasa.

Yadda ake shuka shi: a samu tsohon baho na roba, mai faɗi, zurfinsa kamar taƙi ɗaya. A cika shi da laka. Nan ne mutanen Maraɗi ke yin kuskure, don tun da ambaliyar 1945 ta tashi tsohon gari daga bakin gulbi aka hau tudu, ƙasar gidajenmu rairayi ce, bado kuwa ba ya son rairayi. Sai an aika fadama, wajen Jiratawa ko gangaren gulbi, an ɗebo baƙar laka mai danƙo irin ta masu tukwane. A shanya ta ta bushe ƙarau, a daka, a tankaɗe, zan faɗi dalili nan gaba. A binne ƙwallon badon amma a bar kansa, inda ganye ke tsirowa, a waje. A rufe saman lakar da tsakuwa don kada ta dame ruwa. Sai a ɗora bahon a kan bulo biyu a cikin basan, yadda ruwan da ke kansa bai wuce taƙi ɗaya ba. In ganye ya kai sama ya yi ƙarfi, a cire bulo ɗaya, bayan sati biyu a cire ɗayan. Yana son rana ta same shi awa biyar ko shida a yini; in basan ɗin na ƙarƙashin bishiya, zai yi ganye amma fure sai dai ki ji labari.

Kada a sa taki na dabbobi. Ni na yi wannan wautar a basan ɗina na farko, da ilimina da komai. Na ce ai abin da ke gyara gero zai gyara bado, na cusa ɗanyen kashin shanu a gindin baho. Kwana biyar ruwa ya yi baƙi, wari ya cika gida, uwargida ta ce in ba zan kwashe ba ita za ta koma gidansu har damina. Na kwashe da bokiti, ni kaɗai, yara na dariya. In bado ya nuna yunwa, ganye ya ƙanƙance ya yi rawaya, a ɗauki takin zamani 15-15-15 rabin ƙaramin cokali, a dunƙule shi cikin laka kamar ƙwallon fura, a bari ya bushe, a tura shi da yatsa can ƙasan baho. Sau ɗaya a wata biyu ya isa.

Bayan bado, sai na gefe, masu son ƙafarsu a ruwa kansu a sama. Na farko kin san shi tun kafin ki san ni: kajiji, wanda ake sa wa a turaren wuta. A fadama yake fitowa, karansa siriri ne, kore, a miƙe kamar ganyen albasa, yana kai mita ɗaya. A tukunya za a sa shi, a ɗora kan bulo yadda ruwa zai rufe bakin tukunyar da yatsa uku kawai. In ya cika tukunya bayan shekara, a fasa dunƙulen, a mayar da kaɗan, sauran saiwar ki shanya ta kasko. Na biyu gwaza. Mutane na mantawa ganyenta na da kyan gani don sun saba ganinta a faranti. A sa ta ta ɓangaren yamma, faffaɗan ganyenta ya kare ruwa daga ranar la'asar. Sai dai ɗanyen ganyen na ƙaiƙayi a baki, a ja wa yara kunne. Wanda ke da wuri mai faɗi zai iya ƙara jema, ciyawar da ake saƙa da ita, amma a naki ta yi girma.

Baho ɗaya, tukunya biyu. Shi ke nan zaɓin da zan yi miki.

Yanzu dalilin dakan laka. Tabkunanmu na da ƙananan katantanwa, wasu ba su kai ƙwayar wake ba, su ne ke ɗauke da tsargiya, ciwon da ke sa yara fitsarin jini. Suna maƙalewa a ƙarƙashin ganyen bado, suna yin ƙwai kamar majina, kuma suna iya lafewa cikin busasshiyar laka su jira ruwa. Don haka kada a ciro bado daga tabki a jefa shi basan kai tsaye. Wanda ya fi sauƙi shi ne a samo busasshen ƙwallo da rani, bayan ruwa ya janye. Masunta sun san inda yake. In ɗanye aka kawo da ganyensa, a yanke manyan ganyen, a wanke shi sarai da ruwan famfo, a goge duk wata majina, a ajiye shi a bokiti dabam sati uku ana dubawa. Wanda zai shiga tabkin kuma ya sa takalmin roba mai tsawo, ko a bar wa masu sana'ar.

Littattafan Turawa za su ce a ƙara ciyawar da ke zama a ƙarƙashin ruwa don ta ba shi iska. Muna da irinta, marar saiwa, mai siraran ganye a jere kamar wutsiyar kyanwa. Ni ban yarda a kai ta gidan da ke da yara ba, don ita ce ɗakin kwanan katantanwar tsargiya. A arewacin Senegal, da aka riƙa cire ta daga mashigar ruwan ƙauyuka, nau'in tsargiyar da ke kama hanji ya ragu a jikin ƴan makaranta. Abin da wasu ke wahalar fitarwa daga tabki, ba za mu ɗauko mu kai tsakar gida ba.

Maganar sauro tana cikin amsa ta uku a ƙasa. Amma akwai wadda ba zan bari ba, ko da ba ki tambaya ba. Gidan Hajiya ba ya rasa jikoki. Yaro mai rarrafe ruwan da bai kai taƙi ba ma ya ishe shi, balle santimita 60, kuma ba a jin ƙara. Kafin bado, kafin kajiji, a kira mai walda ya yi raga ta rodi mai ƙarfi wadda za ta ɗauki nauyin yaro, a kafa ta daidai fuskar ruwa. Ganye da fure za su bi ta ramukan su fito, bayan wata biyu ba mai ganin ƙarfen. Kuɗin da yaro ya ware na furanni, nan za a kai shi.

Tambaya: Baba, na ɗebo kainuwa a wani kududdufi a hanyar Tibiri na zuba a basan ɗinmu, ta yi kyau sosai. Kuma wani abokina ya kawo mini wata daga bakin kogi a Yamai, mai kumburarren kara da fure ruwan shuni mai ɗigon rawaya. Yayana ya ce in zubar da su duka. Don Allah ka raba mu gardama. Daga wani ɗalibi, unguwar Zariya.

Amsa: Ɗana, yayanka ya fi ka gaskiya, amma ba duka ba.

Ta Yamai ɗin ita ce masu Faransanci ke kira jasint. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma kyan furen nan ne ya sa mutane suka yi ta ɗaukarta daga ƙasa zuwa ƙasa, kamar yadda abokinka ya yi. In ta samu ɗumi da abinci tana iya ninka kanta cikin sati biyu. Ka tambayi masunta da masu jirgin ruwa a kogin Kwara abin da ta yi musu: ta toshe hanya, ta kama taru, ta cushe bakin injin ban ruwa. Irinta na iya shekaru cikin laka bai mutu ba. Ka yi tunanin ranar da ruwan Agusta zai cika basan ɗinka ya malala kwata, kwata ta kai gulbi. Ko ranar da za ka gaji da ita ka watsar a bola, wani yaro ya ɗauka ya jefa a tabki. Tabkin Madarunfa ba shi da nisa, mutane da yawa kuma da shi suke ci. Ka fitar da ita yau, ka shanya a kan kwano ta bushe ƙurmus, ka ƙone. Kada ka ba kowa kyauta.

Kainuwa kuwa tamu ce, dashen Allah, ba mai shuka ta ba mai ban ruwa. Kirarin da ake yi mata shi ne aibinta a ƙaramin wuri: ba ta jiran izini. Tana miƙa hannu ta haifi ƴa, ƴar ta haifi jika, kafin ka ankara ba ka ganin ruwa. In ta rufe fuska duka, iska ba ta shiga, kifi ya taso yana haki da asuba. Ga wani abin da mutane ba su sani ba: akwai irin sauro da tsutsarsa ba ta tasowa sama shan iska, sai ta soka bakin numfashinta a saiwar kainuwa ta zauna a nan, inda kifi ba ya ganinta da sauƙi. Sauron nan mai cizo ne ƙwarai da dare.

In ka nace kana son ta, ga sharaɗi. Ka lanƙwasa tsohon tiyo ka haɗa bakinsa ya zama zobe, ka ɗora a kan ruwa, ka sa guda biyar a ciki. Duk wadda ta tsallake zobe, waje. Duk Juma'a ka ɗaga su ka girgiza saiwar. Wadda ka cire ka zuba a ramin taki, tana ruɓewa da wuri. Amfaninta ɗaya da ba zan hana ta ba: tana tsotse abincin gansakuka da sauri, don haka tana taimako a watannin farko kafin bado ya yi ƙarfi. In ka san za ka tafi hutu wata biyu ba mai dubawa, bi maganar yayanka.

Tambaya: Malam, an ce in sa kifi don ya cinye tsutsar sauro. Na sa tarwaɗa biyar. Yanzu ruwan ya zama kunu, badon ma sun tumɓuke shi. Daga wani tela, Sabon Gari.

Amsa: Maigida, tarwaɗa ta tukunya ce. Aikinta tonon laka, kuma in ta girma har ƙananan kifi take haɗiyewa. Ka yi farfesu da su, ka gayyaci maƙwabta.

Shawarar sa kifi daidai ce, nau'in ne aka kuskure. Sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwa mai tsabta, marar motsi, wanda rana ke bugu, wato basan ɗin ado sak. A lokacin zafi daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana bakwai zuwa goma ba. Abin da kake nema ƙananan kifi ne masu kiwo a saman ruwa. In ka samu gufi a wurin masu sayar da kifin ado, ɗan ƙaramin nan da bai kai yatsa ba, guda goma sun isa, za su hayayyafa da kansu; sai dai shi ma baƙo ne, kada a sake shi a tabki. In babu, ƴaƴan karfasa uku ko huɗu za su yi aikin, amma karfasa in ta kai tafin hannu tana cin ɗanyen ganye tana haƙa gurbi, sai a cire a sa ƙanana. Kada ka riƙa zuba musu dusa da tuwo. Kifin da ya ƙoshi ba ya farauta, ragowar kuma gansakuka ce ke ci.

In da ruwan famfo kake cikawa, ka tara shi a bokiti ya kwana ɗaya ko biyu, maganin da ake sa masa ya fita, sannan ka zuba. Sau ɗaya a wata ka ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu ka ba zogale, ka mayar da sabo, don ruwan da rana ke sha yana barin gishirinsa a baya. Badon da aka tumɓuke, in ƙwallon na da tauri bai ruɓe ba, mayar da shi baho ka danne da manyan tsakuwa. Ko ganye ɗaya bai rage ba zai fito. Abin da ke kwana cikin busasshen tabki tun daga hunturu har saukar damina, tarwaɗa biyar ba su isa su kashe shi ba.

Tambaya: Baba, ni haya nake, ɗaki ɗaya da ɗan fili, mai gida ba zai bari in haƙa rami ba. Akwai dabara? Daga wata malamar makaranta, Bagalam.

Amsa: Akwai, ƴata. Ki sayi tano na roba, a raba miki shi biyu a kasuwa. Ki tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. In maganin ƙwari ne ko man inji, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Rabin tano na ɗaukar kusan lita 100, ya ishi shuɗin bado ɗaya a ƙaramin baho da gufi huɗu ko biyar. Kajiji ba zai samu wuri a ciki ba, ki ajiye shi a tukunyarsa a gefe, a kan faranti mai ruwa, ki riƙa zubar da ruwan farantin duk kwana uku saboda sauro.

Matsalar tano zafi ce, don rana na dukan jikinsa ta kowane gefe. Ki ajiye shi inda zai samu ranar safe, inuwar katanga ta rufe shi daga azahar. Ki naɗe shi da buhun algarara ko guntun zana, in zafi ya tsananta ki yayyafa wa buhun ruwa kamar yadda ake yi wa randa. Da hunturu in kin ga ganye ya ragu, fure ya tsaya, ba mutuwa ya yi ba, sanyi ne. Ki kwashe ƙurar da ta taru a sama da rariya ki bar shi. Shi ma a yi masa murfin raga in akwai ƙananan yara a gidan. Ranar tashi kuma ki kwashe ruwan, kifi a bokiti, baho a cikin leda, tano a kan amalanke.